Layin da Ya Zame a Takardar Baba

Ranar da Auta ta fara shiga shagon Dogo, da faɗa ta shiga.

Wasiƙa ce ta Babanta, hedimastan makarantar da ke tsallaken titi. Ta buga ta tsaf a kwamfutar ofis, shafi ɗaya cif. Firintar makaranta ta yi halin nata ta ƙi aiki, shi ne ta zuba fayil ɗin a filashi ta tsallako. Da takarda ta fito daga injin Dogo sai ga ta shafi biyu, wasiƙar a na farko, wurin sa hannu shi kaɗai a na biyu kamar an kore shi daga gida.

"Malam, me ka taɓa?" ta ce, ta ɗaga takardun har kusa da hancinsa. Sai da ta yi ɗage, don ba a banza ake ce masa Dogo ba.

"Ban taɓa komai ba, ranki ya daɗe," ya ce yana danne dariya. "Samfurin harufan da kika yi rubutu da su babu su a kwamfutata. In kwamfuta ta rasa samfurin da aka zo da shi, aron wani take yi, shi kuma wannan ya fi naki ƙiba, sai ya ture komai ƙasa. Ki riƙa mai da fayil PDF kafin ki fito da shi. Shi kamar hoto yake, inda kika ajiye harafi nan zai zauna ko a wace kwamfuta."

"Shekara biyu ina buga wa Baba takardu, ba wanda ya taɓa koya min aikina."

"To Allah ya huci zuciyarki, Malama Ƙarama."

Ta harare shi, ta karɓi takardar da ya gyara, ta fita. Sai da ta kai tsakiyar titi ta kama kanta tana murmushi, har wani mai babur ya yi mata tsawa.

Daga ranar firintar makaranta ta shiga uku. Yau a ce tawada ta ƙare, gobe a ce tana cin takarda. Wani lokacin gaskiya ne, wani lokacin kuwa Allah ne kaɗai ya san ciwon da ke damunta. Kafin wata uku Auta ta san inda Dogo ke ajiye komai a shagon, har ta kai in ya cika da mutane ita ke zama a kujerarsa ta buga abinta da kanta.

Da yamma saƙonsa kan shigo: "Malama Ƙarama, yau firintarku lafiyarta ƙalau ke nan? Shagon nan ya yi min faɗi. Ki ce ina gaishe ta, Allah ya ƙara mata ciwo."

Ita kuma ta mayar: "Dogona, ka ji tsoron Allah, kayan makaranta ne. Amma na ji tana tari ɗazu. Wataƙila gobe da safe."

Da maganar ta isa gida, Umma ba ta ƙi ba, ta ce yaron yana da ladabi. Baba ne ya cire tabarau ya ajiye a kan gwiwa, abin da yake yi ke nan in zai yanke hukunci.

"Ba zan yi miki dole ba, Auta, ban yi wa yayyenki ba. Amma mai shagon buga takardu? Wa ya san asalinsa? Ga ɗan Gwaggonki nan, yaro a hannu, mun san ciki da wajensa."

Ɗan Gwaggon nan Injiniya ake ce masa, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin abin da ya ƙera. Kullum yana rataye da kwamfutar hannu a jaka, ko gaisuwar mara lafiya zai je. Auta ba ta tsane shi ba, ba ta dai son sa, kuma ya san da haka, ya kuma san dalili.

Baba ya ce zai sa ido a kan Dogo ya gani. A hakan ake, har lokacin jarrabawar tallafi ya zo.

Duk shekara ɗaliban ajin ƙarshe su arba'in ke zana ta, goma na sama a ɗauki nauyin karatunsu na gaba. Baba ya fi tsaron jarrabawar nan a kan idonsa. Shekara ashirin da shida yana aiki ba a taɓa cewa ga abin da ya karkatar ba, kuma da wannan yake tinƙaho a gida da waje.

Auta ta buga sakamakon. Ita ba ta saba da tebur mai layi-layi ba, tana ganin ɓata lokaci ne. Akwati biyu ta zana a shafin, ɗaya a hagu ta jera sunaye, ɗaya a dama ta jera maki, kowane suna yana kallon makinsa. Baba ya zauna gaban kwamfutar ofis ya bi su ɗaya bayan ɗaya da takardun jarrabawa a hannu, ya ce daidai. A babbar takarda ake so a liƙa, firintar makaranta kuwa ƙarama take bugawa, sai ya ce ta kai tsallake.

Shagon a cike ta same shi. Dogo na can yana fama da wani dattijo da hotunan fasfo. Ya ɗago daga nesa ya ce, "Kin mai da shi PDF?"

"Na duba komai," ta ce. Ba ƙarya ta yi ba, ba kuma amsa ta ba shi ba.

Ta zauna a kujerarsa, ta buɗe, ta ga sunaye a hagu maki a dama, ta danna. Baba ya karɓi takardar yana magana da wani malami, ya ƙirga layi arba'in da bakin biro, ya sa hannu, ya buga hatimi. Aka liƙa a allon sanarwa.

Ranar Litinin da hantsi Auta na ofis ta ji kuka a tsakar makaranta. Wata mai ɗinki ce, mijinta ya rasu, ta riƙo hannun ƴarta, yarinyar da kowa ya san ba a taɓa kayar da ita a aji ba. Talatin da ɗaya aka rubuta mata. Sunan da ke samanta kuwa, mai casa'in da huɗu, na ƙanen Injiniya ne, ɗan ƴar'uwar hedimasta, yaron da ko sunan ranakun mako sai ya yi tunani.

"Don ba ta da uba?" matar ke faɗa. "Don ba ta da uba za a ɗauke makinta a ba ɗan gida?"

Iyaye suka taru. Aka ɗebo takardun jarrabawa aka gwada, sai ga shi daga bayan na goma sha bakwai har ƙasa babu wanda makinsa ke gabansa. Yaro na ƙarshe ma sunansa babu shi sam.

Auta ta lallaɓa bayan mutane ta kalli allon. Na goma sha bakwai wani yaro ne mai suna huɗu a jere. A kwamfutar ofis layi ɗaya ya ci. A takardar kuwa ya karye biyu, biyu a sama biyu a ƙasa, kamar yara biyu ne. Ya ture duk sunayen da ke ƙarƙashinsa layi ɗaya, maki kuwa suna nan inda suke a nasu akwatin, kowa ya tashi da makin na ƙasansa. Sunan ƙarshe ya faɗa ƙasan akwatin ya ɓace. Shi ya sa ƙirgen Baba ya ba shi arba'in.

Ta gane a take, ta kuma san hannun waye. Ta buɗe baki, ta hango fuskar Baba, ta rufe.

Shugaban kwamitin makaranta ya zo kafin azahar. Ya ce ranar Alhamis za a zauna, in ba a samu bayani ba hedimasta zai ajiye makullai, a kuma kira ƴan sanda. Baba ya buɗe kwamfutar ofis ya nuna masa, komai daidai. Injiniya, da ya iso da jakarsa ba a kira shi ba, ya leƙa ya girgiza kai.

"Kawu, ai magana a fili take. Daga nan lafiya ya fita. Fayil ba ya canza kansa. A shagon can aka yi aika-aikar, ko don mai shagon ya saye ka da makin ƙanena, ko don ya ɓata gidanmu tun da ya san ba a son sa."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ranar babu mai sanin da zai musa masa sai mutum ɗaya, ita kuma ta yi tsit a bayan ƙofa.

Baba ya tsallaka titi da ƙafarsa, mutane na biye. Auta ta hango daga taga. Ba ta ji duk abin da ya faɗa ba, amma ta ji "maci amana", ta ji "kada in ƙara ganin ƙafarka ko saƙonka a gidana". Ta ga Dogo ya fito ya rusuna, hannuwansa a baya. Ya kalli takardar da aka miƙa masa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga ido ya dubi tagar ofis. Bai ce uffan ba.

Da la'asar saƙonsa ya shigo: "Na ga abin da ya faru, dogon sunan ne. Kada ki tashi hankalinki. A shagona aka buga, zan ce kuskuren shagona ne. Ki ci abinci, Malama Ƙarama."

Ta rubuta amsa ta goge ya fi sau goma. A ƙarshe ta tura: "Dogona, ina jin tsoro."

Shiru. Ta kira, a kashe. Washegari Talata ta leƙa, shagon a rufe da kwado, abin da ba ta taɓa gani ba ko ranar hutu.

Tsoro iri-iri ne, kuma Auta ta ɗanɗana kowanne a kwana biyun nan. In ta ji an taɓa ƙofar gida sai ta ce ƴan sanda ne. In Baba ya yi gyaran murya sai ta zabura. In ta faɗi gaskiya, ta tona cewa ita ke zama a kujerar saurayi a shagonsa tana aiki kamar matar gida, ta kuma tona cewa ita ta jawo wa Baba zagin da bai taɓa sha ba, sannan ta tsaya tana kallo ya ci mutuncin wanda bai ji ba bai gani ba. In ta yi shiru, Dogo ya tafi da sunan maci amana, auren kuma ya mutu tun ba a haife shi ba. Ga wayarsa a kashe. Ta ce a ranta ya gaji ne, wa zai so matsoraciya?

Baba ya daina cin abinci. Yana zaune a falo da takardar a cinya, ya rame a kwana biyu. Injiniya kuwa ya mai da gidan nasa, safe da yamma, yana ba da shawarar lauya.

Ranar Laraba da safe Umma ta same ta a kicin ta sa tukunya a wuta babu komai a ciki.

"Auta, ni na haife ki. Tun shekaranjiya idonki bai haɗu da na Babanki ba. Mene ne?"

Ai kuwa sai kuka. Ta faɗa mata komai, tana shessheƙa.

Umma ta sauke tukunyar ta kashe wuta. "Yayar yaron nan ta zo jiya, ba ki nan. Mai ginin ne ya rufe shagon da ya ji zancen ƴan sanda, wayar kuma kwamiti suka karɓa za su bincika. Shi ya aiko ta ta ce a gaya miki kada ki ce komai. Na rasa gane me yake nufi, yanzu na gane." Ta kama haɓarta ta ɗago. "Yaro ya rasa shagonsa don ya rufa miki asiri, ke kina nan kina dafa iska. Tashi. Ba ni zan faɗa ba, ke za ki faɗa."

Auta ta fita daga kicin ta nufi falo. Ta durƙusa nesa da Baba.

"Baba, ba shi ba ne. Ni ce. Ko taɓa fayil ɗin bai yi ba, ni na zauna na buga da hannuna. Ya sha gaya min in riƙa kulle shi a PDF kafin in fito da shi, na ƙi ji. Ranar ma ya tambaye ni, na kauce."

Baba ya cire tabarau ya ajiye a kan gwiwa. Ta jira tsawa, har ta runtse ido.

"Ranar Litinin kin sani?"

"Na sani, Baba."

"Kina kallo na tsallaka titi?"

"Ina kallo."

Ya sunkuyar da kai ya dubi takardar, wurin da hannunsa da hatiminsa suke. "Ni kuma na sa hannu a abin da ban karanta ba," ya ce a hankali. Wannan ya fi mata tsawa ciwo. "Za ki iya nuna wa mutane abin da kika faɗa?"

"In aka kawo kwamfutarsa."

Ranar Alhamis ɗakin taro ya cika har taga. Aka ajiye kwamfutar ofis a gefe, ta Dogo a gefe, mai ginin ya buɗe shago an ɗauko. Dogo na zaune a bencin baya, rigarsa duk ta yamutse. Da ya ga Auta ta miƙe sai ya girgiza mata kai. Ta ɗauke ido, don in ta ƙara kallonsa zama za ta yi.

Sai da ta gwada sau uku kafin filashin ya shiga. Ta buɗe fayil ɗin a ta ofis, shugaban kwamiti ya duba, daidai. Ta zare a gabansu ta sa a ta Dogo, ba ta taɓa komai ba. Dogon sunan ya karye biyu a idon kowa, sunaye suka zame.

"La'ilaha illallahu!" in ji wani dattijo. "A sake mu gani."

Aka sake. Injiniya ya ce wannan kwamfutar an shirya ta ne. Shugaban kwamiti ya ce to ya kawo tasa, tun da ga ta a kafaɗarsa. Aka sa filashin a ciki. A tasa ma har sunaye biyu ne suka karye. Dariya ta ɓarke, Injiniya ya shiga neman wani abu a cikin jaka.

"Laifina ne," Auta ta ce, hawaye na zuba, amma ta ɗaga murya yadda na taga za su ji. "Ba na Baba ba ne, ba na mai shago ba ne. Na raba suna da maki a akwati biyu, ban kuma kulle fayil ɗin ba." Ta juya wajen mai ɗinki. "Inna, ki yafe min. Casa'in da huɗun na ƴarki ne."

Aka kira Dogo ya gyara. Ya zuba sunayen a tebur, kowane suna da makinsa a layi guda, yadda ko suna ya karye makin zai bi shi. Ya mai da shi PDF, aka buɗe a kwamfutoci ukun, duk abu ɗaya. Baba ya karanta takardar da ƙarfi daga na ɗaya har na arba'in kafin ya sa hannu.

Kwamiti ya bar wa Baba makullansa da gargaɗi a rubuce, na farko a rayuwarsa. Auta kuwa aka ce ta huta da aikin ofis. Ba ta yi musu ba.

Da aka watse Baba bai nufi gida ba. Ya jira Dogo ya mai da kwamfutarsa shago, sannan ya tsallaka, ya tsaya daidai inda ya tsaya ranar Litinin. Maƙwabtan shago suka fara leƙowa, ya bari sai da suka taru.

"A nan na zage ka a gaban mutane, a nan zan janye. Na zalunce ka, ka yafe min." Dogo ya durƙusa yana cewa ba komai, Baba ya ɗaga shi. "Me ya hana ka magana, alhali ka sani?"

"Baba, da na yi magana sunanta ne zai fito."

"Na ce ban san asalinka ba. To na gani. Ka turo manyanka."

Saƙon farko da ya shigo wayar Auta bayan an mayar masa da tasa shi ne: "Sai yanzu na ga naki na ranar Litinin. Ni ma tsoron nake ji, Malama Ƙarama, ba na ƴan sanda ba, na rasa ki."

Ta mayar: "Na bar ka kai kaɗai kwana biyu. Ba zan ƙara ba, Dogona, ko da minti biyu."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Mai ɗinkin nan ita ta ɗinka kayan amarya, ta rantse ba wanda zai rigaye ta. Da za a tafi da Auta, Baba ya kira su biyun falo, Umma na gefe tana share ido. Ya kama hannun ƴarsa ya sa a na Dogo.

"Kai, ka iya rufa asiri, amma kada ka ƙara ɗaukar laifin da ba naka ba, ko don ita. Ke kuma, duk ranar da tsoro ya kama ki, mijinki za ki fara gaya wa, tun abin yana ƙarami. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari, ya sa ku tsufa tare."

Suka amsa da amin. Auta ta so ta yi godiya, kuka ya hana ta. Baba ya juya musu baya yana goge fuska da hannun riga.

"Ku tafi mana," ya ce. "Na yafe miki tun Larabar da kika faɗa min gaskiya."